Rabin Maganar Sujan

"Rojina? Ba na son ta... Da ita nake neman ƙuri'a."

Lomar da ke hannun Rojina Limbu ta koma cikin faranti.

Muryar Sujan ce, fuskarsa ce ta cika talabijin ɗin falon. Safiyar Asabar ce, 'yan takara biyar da suka rage suna cin shinkafa da miyar wake, ana maimaita musu shirin daren jiya kamar yadda aka saba.



"Ƙarya ne!" Sujan ya miƙe har kujerarsa ta kife. "Ba haka na faɗa ba!"

"To muryar wa muka ji, ta kakarka?" in ji Kritika, 'yar gayun Kathmandu, babban birnin ƙasar, da take ganin kambun nan gadonta ne. Ta juyo da fuskar tausayi. "Ayya 'yar Dharan... Ai na gaya miki samarin birni ba a ba su zuciya gaba ɗaya."

Rojina ta ga kyamarar kusurwa ta juyo kanta a hankali. Hawaye take jira.

Ba ta ba ta ba. Ta wanke hannu, ta nufi matakala.

A tsakiyar bene Sujan ya cim mata.

"Kanchhi, tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan! Sunan 'yar auta ne, mahaifiyata Aama kaɗai ke da shi."

"Na rantse miki yanka maganar suka yi. Cewa na yi..."

"Bakinka ne ya motsa ko ba naka ba ne?"

"Nawa ne, amma..."

"Ya isa, Sujan. Ƙasar nan gaba ɗaya ta ji. Har mahaifina Buwa ya ji."

Ta shige ɗaki ta murza mukulli.

Wata biyu ke nan da shigarta gidan. Kalo Khola, ƙungiyar kiɗan rok da Rojina ta taso da waƙoƙinta a baki, ta rasa mawaƙinta bayan ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya. Sai wani gidan talabijin ya shirya gasa don a nemo magajinsa. Mutum goma sha shida aka zuba a gida ɗaya a unguwar Bhaisepati da ke gefen Kathmandu, aka karɓe wayoyinsu, duk Juma'a masu kallo su kori ɗaya ko biyu. Minti goma ake ba kowa ranar Asabar ya kira gida.

Rojina ta baro makarantar koyon aikin jinya saura mata shekara guda. Mahaifinta, tsohon soja da ya yi wa Ingila aiki, ko kallonta bai yi ba ranar da za ta hau mota.

"Ban yi shekara ashirin cikin sanyin ƙasar wasu don 'yata ta riƙa ihu a gaban mashaya ba," abin da ya ce ke nan.

Tun daga ranar, duk Asabar Aama ce ke ɗaukar waya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sata.

A gidan ma ba ta da kowa. 'Yan matan na kwaikwayon karin harshenta na Dharan, garinsu da ke can gabas, suna dariya. Da yamma sai ta hau rufin bene inda ake shanya, wurin da babu kyamara, ta yi waƙa ga tsaunuka da tankunan ruwa.

Nan Sujan Maharjan ya same ta wata rana, da kofin shayi biyu a hannu.

"Ke ce kike tsorata tantabarun unguwar nan?"

"In ba ka so ka sauka."

"Ina so. Shi ya sa na hawo."

Ɗan Patan ne, garin da ke maƙwabtaka da Kathmandu, siriri, mai yawan dariya. Shi ya nuna mata yadda za ta ja numfashi daga ciki ta daina ƙona maƙogwaro. Ita kuma ta koya masa tsayuwa a dandamali ba tare da ya ɓoye bayan jitarsa ba. Wata yamma ya gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba: takardun tafiyarsa Japan a shirye suke, kawunsa na da gidan abinci a Osaka. Mahaifinsa ya ba shi wannan gasar kaɗai. In ya faɗi, jirgi.

"To kar ka faɗi," ta ce.

"In na ci, ke kin faɗi fa."

Kafaɗarta ta taɓa tasa.

"Ina son ki, Kanchhi," ya ce. "Wannan kam ba gasa ba ce."

Ranar ziyarar iyaye babu wanda ya zo wa Rojina. Mahaifiyar Sujan ta zo, ta dube ta tun daga gashinta mai jan rini har takalminta, ta faɗa wa ɗanta wata magana da yarensu na Newar. Rojina ba ta jin yaren, amma ta ji maganar.

Shi ya sa da ta ji muryarsa a talabijin ba ta yi wahalar yarda ba. Dama can a ranta tana jiran ranar da za a tuna mata ita bare ce.

A makon nan Madam Shobha, mai shirya shirin, ta haɗa ta da Sujan waƙa ɗaya su biyu.

"Ku ba ni wuta," ta ce tana murmushi. "Jama'a na jira."

Kwana biyar suna gwaji, Rojina ba ta ce masa komai ba sai "ka yi sauri" da "ka sake". Ya tura mata takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ta mayar masa ba ta buɗe ba.

Ranar Juma'a ta rera waƙar idonta a rufe, da duk ɗacin da ke ƙirjinta. Zauren ya miƙe tsaye. Da Sujan ya karɓi baitinsa, sai ihu ya tashi daga baya.

"Mayaudari! Sauka!"

Shi aka kora.

Ya rungumi kowa. Da ya iso gabanta sai ya tsaya, ya haɗa tafukansa kamar mai gaida baƙuwa.

"Ki ci gasar nan, Rojina. Ki daina shan ruwan sanyi kafin waƙa."



Mako uku da suka biyo baya sunanta ya cika gari. Har Dharan an liƙa hotunanta a jikin motocin haya. Ita kuwa kullum da yamma tana rufin bene, ita da kayan shanya. Sau biyu ta ji taku a matakala gabanta ya faɗi, ashe mai wanki ce.

A zagayen ƙarshe ta doke Kritika. Aka zuba mata furanni a wuya har suka rufe mata haɓa. Da aka mayar mata da wayarta, kiran farko na gida ne.

"Rojina."

Muryar Buwa!

"Buwa..." Kuka ya ƙwace mata.

"Muryarki ta yi rawa a farko," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Amma kin tsaya kamar soja. Ga uwarki."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan sun gama. Akwai mutum ɗaya da take so ta gaya wa Buwa ya kira, kuma ba ta da bakin kiransa.

Kwana biyu bayan haka, a gwajinta na farko da Kalo Khola, Gopal, dattijon da ke kaɗa musu jita, wanda yake tare da masu shirin tun farkon gasar, ya sallami sauran ya ce ta tsaya.

"Zauna, ƙanwata. Akwai abin da ya hana ni sukuni."

Ya miƙa mata wayarsa. Bidiyon Sujan ne, da rigar ranar nan, a kujerar nan. Wata murya ta tambaye shi yaya zai ji in aka kori Rojina.

"Rojina? Ba na son ta..." ya haɗiye wani abu, "...ba na son ta tafi. Na san ana cewa da ita nake neman ƙuri'a. In haka mutane ke gani, gara a kore ni a bar ta. Ta fi ni murya, ta fi mu duka."

Rojina ta ɗago ta dube shi.

"Wa ya yi wannan?"

"Kritika ce ta kai wa Shobha labarin rufin bene. Shobha ta ga kasuwa."

"Kai kuma, Yaya Gopal? Yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina ɗakin ranar da aka ɗauka."

"Kana ɗakin! Wata guda kana kallona!"

"Na san in na faɗa miki za ki tattara kayanki. Ni kuma muryarki nake so wa ƙungiyata. Ban fi su ba, ƙanwata. Na dai kasa haɗiyewa ne."

Ta miƙe.

"Zan yi muku waƙa, don na sha wuya kafin na zo nan. Amma tura min wannan yanzu. Yau kowa zai gan shi."

"Gidan talabijin za su..."

"Su zo su karɓi furanninsu."

Ta saka hoton a shafinta tun tana cikin tasi. Lambar Sujan a kashe take. Ta sauka a Patan, ta bi lungu tana tambaya har aka nuna mata wata gajeriyar ƙofa ta katako.

Mahaifiyarsa ce ta buɗe.

"Ke ce."

"Ni ce, Aama. Sujan nake nema."

"Kin makara. Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarsa."



"Ko bakin titi ɗana bai iya fita ba," matar ta ci gaba. "Yara na bin sa suna mayaudari. Da ƙafarsa ya je ya ce wa ubansa a matso da ranar tafiya. Ni dama na gaya masa ba jinsinmu ba ce ke, bai ji ba."

Rojina ta durƙusa a bakin ƙofar ta miƙa mata wayar. Matar ta kalla har ƙarshe, ta sake kallo. Ta kai gefen mayafinta ido.

"Ya gaya min haka ya ce. Ni na yarda da shi." Ta dube ta. "Ke da yake so, me ya hana ki?"

"Tsoro, Aama. Ban taɓa zaton wani zai zaɓe ni ba."

Matar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta matsa daga bakin ƙofa.

"Tashi, maƙwabta na kallo. Ban ce na yarda da ke ba. Amma ba a tsayar da baƙo a waje."

Ta zaunar da ita a tsakar gida, ta danna lamba a tata wayar, ta ajiye mata a cinya, ta haye sama.

Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

"Aama? Ina wurin aiki, lafiya?"

Ana jin ƙarar kwanuka da ruwa a bayansa.

"Sujan... ni ce."

Ƙarar ruwan ta tsaya. Ta ji an buɗe ƙofa an rufe.

"Na ga hoton duka," ta ce da sauri. "Na ji sauran maganar. Ka yafe min... Don Allah ka yafe min. Ko takardarka ban buɗe ba."

"Na ga kin ci," ya ce a hankali. "A waya na kalla, a tsaye, ina yanka albasa. Kawu ya ɗauka albasar ce."

Ta yi dariya cikin kuka.

"Ka dawo."

"Ba zan iya ba. Na sa hannu, shekara biyu."

"Na ji haushin kaina, Sujan."

"Ni ma na ji haushinki. Sosai. Kwana uku ban ambaci sunanki ba." Ya ja numfashi. "A na huɗu na gaji."

"To yanzu fa?"

"Shekara biyu da nisa, Kanchhi. Za ki zagaya duniya, za ki ga masu dogon gashi da manyan motoci..."

"Zan jira."

"Kin tabbata?"

"Na ce zan jira. In ka dawo kai za ka je Dharan ka fuskanci Buwa, ni na riga na fuskanci mahaifiyarka."

Wani ya ƙwala masa kira daga ciki.

"Dole in koma. Ranar Litinin nake hutu. Ki kira ni?"

"Zan kira."

Layin ya katse.

Ta zauna ita kaɗai a tsakar gidan da ba nata ba, wayar na cinyarta. Can sai ta ji taku. Mahaifiyar Sujan ce ta sauko da faranti da kofin ruwan ɗumi, ta ajiye a gabanta ba tare da ta dube ta ba.

"Ci. Litinin ki zo ki kira shi daga nan, in ji muryarsa ni ma."