Kofin da Lorraine ta Liƙe

Ran Lahadi da yamma, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Lorraine Gadsden tana soya kaza a gidansu na Atlanta, sai ta ji wani abu ya faɗo a kan rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa, sannan abin ya zubo kamar ƙanƙara. Mijinta Cornelius ya fita da faɗa a bakinsa, ya dawo shiru, riƙe da ɓawon kawa, irin katantanwar nan ta ruwa, jiƙe sharkaf, yana ƙarnin teku. Tsakaninsu da teku kuwa tafiya ce mai nisa a mota.

Daga bakin tekun suka dawo a ranar. Sun yi hutun ƙarshen mako, su da 'yarsu Nyla, a wani ɗan tsohon gari na bakin ruwa inda kakannin Cornelius suka fito. Sun hau keken doki, sun ci shinkafa da jatan lande, sun zaga manyan gidajen masu gandu na zamanin da, inda ɗan jagora ya yi ta yabon labule da fitilu bai ce uffan ba a kan bayin da suka yi ginin. Ran Asabar Lorraine ta ratsa bayan wani coci, ta faɗa tsohuwar maƙabarta da ciyawa ta cinye. A kan wani kabari marar suna ta ga kofin tangaran shuɗi, a fashe gida biyu. Ita kuwa mace ce da ba ta ganin abu mai kyau a ƙasa ta wuce, kuma a wurinta duk abin da ba a kulle ba, ba shi da mai shi. Suna isa gida ta wanke shi da sabulu, ta liƙe shi tsaf, ta jera cikin kayan adonta.

Tun a yammacin nan Nyla ta fara neman ruwa. Ta sha, ta ƙara, ta kafa baki a famfo, leɓenta na ta tsagewa. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Kullum magariba ɓawon kawa ya zubo, yarinyar ta zauna tana kallon kofin, tana rera wata waƙar tsofaffi da ba wanda ya koya mata. Ta rame, ta daina cewa Mama. Tsoro ya cika Lorraine, don ta ga 'yarta tana bushewa a gabanta.

Cornelius ya kira Goggo Viola, ƙanwar kakarsa, wadda ta san saiwoyin magani ta kuma haddace Zabura. Ta iso da faɗuwar rana, tana shiga idonta ya sauka a kan kofin.

"Wa ya liƙe wannan?"

"Ni ce, Goggo. Na gan shi a fashe ne."

"Kin gan shi a fashe! Kai, 'yan birni. Da gangan ake fasawa, yarinya. Abin da mamaci ya sha da shi na ƙarshe, a fasa a ɗora masa, don ya sha a can kada ya biyo na gida. Ke kuma kin gyara masa hanya."

Ta zaunar da Nyla a ƙasa, ta zagaye ta da gishiri, ta fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta wata tsohuwa ce, a dishe.

"Daina, Viola. Ba da ke nake ba."

"Wace ce ke?"

"Ba su rubuta sunana ba, ke ma ba za ki ji shi ba. Na ɗebo wa masu manyan gidajen can ruwa har bayana ya tanƙware, ban taɓa kai kofinsu bakina ba. Wannan kaɗai ne nawa. Ɓarauniyar nan ta ɗauke, ta wanke bakina daga jikinsa da sabulu."

"Za a fasa a mayar miki. Ki saki yarinyar."

"Ya zama kofin kowa. Na ɓarauniyar nake so, wanda take sha da shi kullum safe."

Goggo Viola ta ce, "Ba a ajiye kofin mai rai a kan kabari."

"To ku bar mini yarinyar. Ruwan jikinta ya kusa ƙarewa."

Lorraine ba ta jira a gama ba. Ta ɗauko farin kofinta na safe, wanda Nyla ta yi mata zane a jikinsa, ta buga da ƙasa. Muryar ta yi wata 'yar dariya ta mugunta, yarinyar ta sulale. Da ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Washegari aka sake fasa shuɗin kofin, suka koma garin tare da Goggo Viola. Lorraine ta durƙusa ta ɗora kofunan biyu a kan kabarin, duka a fashe. A hanyar dawowa Nyla tana barci a baya, kumatunta sun fara dawowa. Lorraine ta buɗe gorar ruwa mai sanyi ta shanye tas, ta buɗe wata. Maƙogwaronta yana nan a bushe kamar ba ta sha komai ba.

"Goggo," ta ce, "yaushe zai wuce?"

Goggo Viola ba ta juyo ba. "Ki yi ta sha, 'yata. Yanzu ita kike shayarwa."