Hayaƙin Akori-kurar Mati

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya san zai ji tsoron fita bayan gida anjima, ya tafi tun yanzu.

Mati direba yana da wata tsohuwar akori-kura da ta girme ku duka. Ƙofa ɗaya da waya ake ɗaure ta, amma Mati yakan bugi ƙirji ya ce ya san tarinta kamar na uwarsa. Ran nan ya ɗauko 'yarsa Tasalla daga gidan kakarta, yarinyar da ba ta ko fara famfara ba. Ganin rana ta yi sanyi, sai ya yanke ta tsohuwar hanyar fadama, wadda direbobi ba sa bi su kaɗai.

Ana dab da magariba ya duba madubi, ya ga hayaƙi ya rufe bayansa. Ya tsaya gindin wata tsamiya. Tasalla na barci a kujerar gaba.

Ya zaga baya, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya sansana. Hayaƙin ba baƙi ba ne, balle ya ce fetur ya yi mata yawa. Ba shuɗi ba ne mai ƙauri, balle ya ce ringin cikin inji sun ci, tana shan baƙin mai. Fari ne, mai kauri, ya bar masa laima a hannu.

"Ruwa na shiga inji," ya ce a ransa. "Gasket ya ƙone."

Ya buɗe bonet, ya ji ruwan lagireto, mai sanyaya inji, na tafasa. Ya yi shawarar zubar da ruwan, idan injin ya huce ya ɗura mai sanyi daga jarka, ya lallaɓa zuwa gari. To, ko yaron goye ya san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bismillah ba, balle da magariba, balle gindin tsamiya. Amma gaggawa aikin Shaiɗan ce. Mati ya kwance ƙasan lagireto bai yi bismillah ba, ruwan ya tsiyaye a kan saiwoyi.

Sai ya ji wani ɗan ƙara, siriri, kamar na ɗan akuya. Ya waiga, bai ga komai ba.

Ya jira, ya ɗura ruwan sanyi, ya murza makulli. Motar ta tashi. Ya koma baya ya duba, sai gabansa ya faɗi. Hayaƙin ya daina tashi sama. Kwanciya yake yi a ƙasa, yana rarrafe, yana kewaye motar. Warin babbaka yake yi.

"Salamu alaikum, direba."

Wani dogon mutum ne tsaye a gabansa cikin farar riga. Amma muryar daga bayan kunnen Mati ta fito.

"Wa alaikumus salam," Mati ya amsa.

"An ce ka san hayaƙi. Wannan na mene ne?"

"Gasket ne, Malam."

"Sake sansanawa."

Mati ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Nan ya ga ƙafafun. Diddige ne a gaba, yatsu na kallon baya.

"Ban san shi ba," ya ce.

"Fatar ɗana ce. Yana wasa a cikin saiwa. Da ka ambaci sunan Allah, da ya kauce."

"Na tuba. Wallahi mantuwa ce."

Mutumin ya juya kansa a hankali wajen kujerar gaba. Hayaƙin ya riga ya hau taya, yana neman kafar tagar da Tasalla ta jingina kumatunta.

"Fata a madadin fata," in ji mutumin.

Tsoro ya kama Mati irin wanda bai taɓa ji ba, amma ba don kansa ba. Ya sha gaban ƙofar.

"Ba ita ta zuba ba. Hannun nan ne ya zuba."

"To, mu gani."

Mati ya durƙusa. Wannan karon ya yi bismillah da ƙarfi, ya damƙi salansar da hannun dama. Ƙarfen ya yi cuuu. Ya cije leɓe har ya fashe don kada ihunsa ya tashe ta. Bai saki ba sai da ya ga hayaƙin ya sauko daga tagar, ya ɗaga, ya bi iska kamar na kowace mota.

Da ya ɗago, babu kowa.

Da hannun hagu ya tuƙa. Yatsun damansa ba su ƙara miƙewa ba har yau, kuma daga ranar ya bar tuƙi. Sai da fitilun gari suka bayyana Tasalla ta farka, ta mutsuke ido, ta leƙa bayan motar.

"Baba," ta ce, "yaron nan ya daina kuka. Ya ce in gaishe ka."

Don haka kada wanda ya bi hanyar fadama shi kaɗai. In kuma motarku ta yi hayaƙi a can, ku ambaci Allah kafin ku taɓa ko ƙusa ɗaya.