Kartar Da Ba A Dubawa

Ba da son raina nake ba da wannan labari ba, domin na gidanmu ne. Amma tunda a Anka kowa yana faɗin nasa, gara a ji yadda abin ya kasance.

Yayana Halliru gyaran babur yake yi. Mu biyar ne a gida: shi, matarsa Hure, 'yarsu Amira, mahaifiyarmu Inna, sai ni. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ya ɓata shi ya fara ne a shagon cajin waya na abokinsa Zayyad, inda samari ke kallon bidiyon wani Bature wanda ba shi da sana'a sai wata irin karta da suke kira foka. Yaya ya ƙaunaci mutumin nan har ya koyi zamansa da shirunsa.

Wata rana a wata gasa, Baturen yana riƙe da kartar sarki guda biyu, ya tura duk abin da ke gabansa. Karta guda ce kawai za ta iya kayar da shi, kuma ita ce ta fito a ƙarshe.

"Wanga zalunci ne," in ji Yaya. "Mutum ya yi komi daidai, karta guda ta kashe shi?"

"Shi ya sa aka kira ta caca," in ji Zayyad. "Ka ga ya tashi ya ba yaron da ya ci shi hannu. Kai ko ludo aka ci ka, ba ka cin tuwo."

Da masu sayen zinare suka fara irin wannan gasa a Gummi, Yaya ya je. Abin da ya sami Baturen shi ya same shi. Ya bar babur ɗinsa a can, ya dawo a bayan motar albasa. Yara suka sa masa suna Baturen Anka. Kunyar wannan suna ce ta kai shi wurin Dodo.

Dodo boka ne da ke zaune cikin wani tsohon ramin zinare a dajin Bukkuyum. Da rana tsaka Yaya ya sauka da igiya, amma a ƙasa ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Wurin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohon nama. An rataye ƙahonni da kan mujiya a bango. A tsakiya akwai turmin dakan dutse, bakinsa ya yi baƙi da busasshen jini, an ɗaura masa jan ƙyalle.

"Mi kaka so?" in ji Dodo.

"Kartar ƙarshe. Ta zan tawa kullum."

"An ba ka. Amma a wasanku, kafin a buɗe ta ƙarshe, ba a kife wata a gefe?"

"Ana kifewa. Ba mai duba ta, doka ce."

"To wagga ta aljanu masu rami ce. Ka tafi gida, kowa ya zari karta guda. Ranar da aka kife irin ta wani, za su taɓa shi."

"Taɓawa kamar ƙaƙa?"

"Ban san hannunsu ba."

Yaya bai ji tsoro ba. Lissafi ya shiga yi. Karta ta fi hamsin, mutanen gidansa huɗu ne kacal. A wurin ɗan caca wannan ciniki ne mai kyau.

"Na yarda," ya ce.

Dodo ya yanka baƙin bunsuru a bakin turmin, ya turara kartar da wani hayaƙi mai ɗaci, ya sa Yaya ya lashi ƙasar ramin.

Bayan la'asar Yaya ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yana dariya, ya ce mu zo mu gwada sa'a. Amira ta zara da gudu. Ni da Hure muka zara.

"Ni ban taɓa kayan Shaiɗan," in ji Inna.

"Haba Inna, wasan yara ne. Don jikarki."

Sai ta sa bakin mayafinta ta ja ɗaya. Jar sarauniya ce. Ya dubi ta kowa, ya haɗa su ya mayar aljihu.

Arziki ya zo kamar ruwan Agusta. Aka rushe ɗakunan ƙasa aka yi na siminti, mota ta tsaya a ƙofar gida. Waɗanda suka yi masa dariya suka koma durƙusa masa. Ya ce wa Inna harkar zinare ce.

Amira ce ta fara. Tana cikin wasa ta faɗi tana sanƙarewa, kafin a kai ta asibiti ta cika. Mutane suka ce gubar dalma ce, irin wadda ta taɓa cin yaran Yargalma. Yaya ya bar su a haka. Daga baya Hure ta tashi wata safiya tana kife duk kwanon da ta gani, da tuwo a ciki ko babu. In an buɗe sai ta yi ta ihu. Danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Zayyad bai san komi ba, amma ya ce masa, "Halliru, wanga kuɗi ba ya da albarka. Ka bari."

"Ta faɗa kaina sau biyu," in ji Yaya. "Lissafi bai yarda ta sake ba."

Ya koma Gummi babbar gasa. A zagayen ƙarshe mai rabon karta ya kife ɗaya, ya buɗe ta ƙarshe, Yaya ya cinye. Ana miƙo masa hannu, sai ya yi abin da ba a yi: ya kai hannu ya buɗe wadda aka kife. Jar sarauniya.

"A sake rabo," ya ce. "Ku ɗauke komi, a sake."

"Wasa ya ƙare, Alhaji. Ka kwashe kayanka," in ji mai rabon kartar.

Ya iso gida ya tarar da takalman mata a ƙofa. Inna ta yi sujadar la'asar ba ta ɗago ba.

A zaman makoki, gaban liman da dattawan unguwa, ya miƙe ya faɗi komi da bakinsa, tun daga igiya har turmi. Ina bayan labule ina ji. Matan da ke kusa da ni suka janye jikinsu. Sadakar da muka dafa ba wanda ya ci.

Ya koma dajin ya tarar ramin ya rufta. Gida da mota suka tafi. Yanzu yana zaune kusa da tasha cikin tsumma, yana tare masu wucewa yana rantse musu cewa lissafinsa daidai ne, sa'a ce ta ci amanarsa. Ina zaune gidan kawuna. In an aike ni kasuwa nakan zagaya ta bayan gari don kada a nuna ni.

Abu guda nake roƙon mutanen Anka. Samari kan tsokane shi su ce ya zo su buga. Don Allah kada kowa ya miƙa masa karta. Cikin mu huɗun da muka zara, ni kaɗai na saura.

Kai kuma da kake hangen arzikin wani kana ƙyamar naka, ka sani boka ba ya ba da kyauta. Abin da ya miƙo maka, daga cikin gidanku ya ɗauko shi. Allah ya raba mu da kwaɗayin da ke sa mutum ya zuba uwarsa a caca.