Tayoyi Huɗu a Zauren Alhaji Goni

A shagon Okechukwu mai taya da ke Sabon Gari Zara ta fara ganin Bahauddeen, kuma ba da son ranta ta je ba. Mahaifinta, Alhaji Goni mai atamfa a Kantin Kwari, shi ya matsa sai an canja tayoyin motarta, alhali ba su wani daɗe ba.

Tana zaune a benci tana fifita da gefen mayafi, sai ta hangi wani dogon saurayi durƙushe gaban taya. Ya danna ta da farce, ya shafa, har da kai hanci.

Dariya ta ƙwace mata. "Malam, taya kake saya ko mangwaro?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ai mangwaro ya fi sauƙin zaɓe, Hajiya."

"Rabu da shi, 'yar Alhaji," in ji Okechukwu. "Tun safe yake wahalar da ni. Wannan ta yi tauri, waccan ta daɗe a sito. Ɗan tsere ne."

Dariyarta ta ɗauke. Wannan kalma ba a furta ta a gidansu.

Bahauddeen ya lura, ya yi saurin bayani. Shi ba ya tsere a titi. Wani fili ne mai kwalta a bayan gari, a jera robobi masu tsini, mota ɗaya ta shiga ta yi ta zagaye su ana duba agogo. Wanda ya ture roba, a ƙara masa lokaci.

"Shi ya sa nake neman mai laushi, mai kama ƙasa a kan kwana," ya ce. "Kin ga zanenta kaɗan ne. Ta fili ce kawai. In na gama sai in cire, in mayar da na titi."

Ba ta gane rabin abin da ya faɗa ba, amma ta ba shi lambarta.

Kafin ta isa gida a Fagge saƙonsa ya shigo: "Na zo neman taya na tafi da ciwon zuciya. Wa zai biya ni?"

Ta amsa: "Allah Ya ba ka lafiya, Mai Mangwaro."

Haka sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Sanyin Idona. Soyayya ta yi nisa, har magana ta kai ga ya zo ya gaida Baba.

Abin da Zara ta kasa gaya masa sosai shi ne labarin yayanta Modu. A hanyar Maiduguri tayar motarsa ta fashe, taya ce da ta cinye har ta yi sulɓi, kuma bai dawo da rai ba. Tun daga nan Alhaji Goni ya zama wani mutum. Duk motar da 'ya'yansa za su shiga, sai ya tattare babbar riga ya durƙusa ya bi tayoyinta da yatsa, kamar yadda yake taɓa yadi a kasuwa.

Ranar gaisuwar ta faɗo Asabar, ranar wasan tsere. Aka makara a fili. Bahauddeen ya dubi agogo, ya dubi jak ɗin canja taya, ya ji kunyar ya bar babban mutum yana jira. Sai ya taho a haka, da tayoyin wasa a jikin jar motarsa mai ƙofa biyu.

Gaisuwa ta yi kyau. Zara na laɓe bayan labule tana jin Baba har da dariya. Da ya rako shi waje kuwa, sai ya durƙusa kamar yadda ya saba. Yatsansa ya bi taya ya ji kusan sumul. Ya zagaya ta biyu, ta uku. Ya miƙe fuskarsa ta canja.

Baffa, ɗan ƙanwar Alhaji wanda ya daɗe yana son Zara, yana tsaye a wurin. "Kawu, ai su ne masu juyi da mota a wurin biki, suna tada hayaƙi."

"Baba, bari in yi bayani..."

"Sauka lafiya, yaro," in ji Alhaji. Ya shige gida ya ce a kawo masa makullin motar Zara.

Daga ranar duniyarta ta koma tsakar gida da tagar ɗaki. Ba a daka mata tsawa ba, ba a karɓe wayarta ba. Da faɗa Baba ya yi, da ta san abin yi. Amma sai ya kira ta, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Zara, na binne ɗaya. Kada ki sa in binne biyu." Me za ta ce? Ita ma ta tuna ranar da aka shigo da gawar Modu.

Kullum da la'asar Baffa zai zo zance da ƙatuwar motarsa, a ce ta fita. Ta zauna ta yi ta kallon tabarma har ya gaji. In ta koma ɗaki ta tarar da saƙonni.

"Sanyin Idona, ko kalma ɗaya."

"An ce min motar Baffa kullum tana ƙofarku. In shi kika zaɓa, gaya min da bakinki."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. In ta ce masa ya bar wasan, ta raba shi da abin da yake so tun yana yaro. In ta ce ya ci gaba, ta taka zuciyar Baba. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyarta, Hajiya Gumsu, ta yi lallashi har ta gaji.

A ƙarshe ta tura masa: "Ba Baffa ba ne, Mai Mangwaro. Taya mai sulɓi ce ta kashe Yaya Modu. Baba bai tsane ka ba, tsoro yake ji. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina."

Bai amsa ba. Ta ɗauka shi ke nan.

Washegari da hantsi a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida. Ta taga ta ga Bahauddeen yana sauke tayoyi, yana gangaro su zaure ɗaya bayan ɗaya. Ta lallaɓo bayan ƙofa.

Alhaji ya fito ya same shi a durƙushe. "Mene ne wannan?"

"Baba, su ne. Na kawo maka. Na bar wasan."

Alhaji ya kai hannunsa da ya saba kan ɗaya daga cikinsu, ya danna da farce, farcen ya nutse. Ya sake dannawa.

"Wannan ai sabuwa ce."

"Sabuwa ce, Baba. Haka ake yin su, don busasshiyar kwalta a cikin fili."

"To da ruwa ya sauko ranar, kana kan Titin Ibrahim Taiwo fa?"

Bahauddeen ya sunkuyar da kai. "Da ta iya kwashe ni. Bai kamata in hau titi da su ba."

"Ka duba da a ce 'yata tana ciki."

"Na'am, Baba."

Zara ta toshe bakinta da mayafi. Baba ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya juyo ya dubi ƙofa, ya ga gefen zanenta da hannunta da ya rame.

"Wasan nan," ya ce a hankali, "mota ɗaya ce a fili? Ba jama'a a gaba?"

"Ɗaya ce, Baba. Da hular kwano."

"To ban ce ka bari ba. In na raba ka da shi, wata rana ita za ka riƙe a zuciya. Amma waɗannan a zauren nan za su zauna. Ranar wasa ka zo ka ɗauka a a-daidaita, ka dawo da su a a-daidaita, in ƙirga su da idona. Ka turo manyanka."

Kukan da Zara ta riƙe ya ɓalle, har Hajiya Gumsu ta fito da gudu ba takalmi.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Okechukwu ya zo da iyalinsa, yana gaya wa kowa a bencinsa aka fara. Baffa ma ya zo, ya yi wa ango murna, ko da yake bai tsaya cin abinci ba.

Da aka fito da amarya cikin lafaya da ƙamshin turaren wuta, motoci suka jeru, babu mai juyi, babu mai hayaƙi. Alhaji Goni ya tattare sabuwar rigarsa a gaban jama'a, ya durƙusa ya bi tayoyin motar amarya huɗu da yatsa. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya leƙa ta taga inda Bahauddeen ke riƙe da sitiyari.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari," ya ce. "Bahauddeen, a hankali."

"A hankali, Baba."