Takardar Matan Roro

"Munawwara, don girman Allah ki yaga takardar nan!"

"Ba zan yaga ba."

"Saura mako biyar fa a ɗaura mana aure..."

"Na fi ka sani, Awaisu. Kullum sai na ƙirga."

Muna tsaye a zauren gidansu bayan la'asar, ta rungume takardar a ƙirji ta ƙi ko bari in taɓa. Daga nesa ina hango dangwalen yatsu jere a ƙasanta.

A garinmu, can gefen Kwanyawa, in an cire gyaɗa an kwashe, mai gona yakan bar gonar mako guda. Gwagware da tsofaffin mata su shigo da ƙwarya da 'yar fartanya su tone abin da ya rage a ƙasa. Shi ne roro. Babu wanda ya rubuta wannan doka, haka muka tashi muka tarar. Da roron nan Inna Saude ta raini 'yarta Munawwara tun rasuwar mahaifinta.

To bana sai mahaifina, Alhaji Badaru, wanda ya fi kowa gonaki, ya ce kada mace ta taka masa gona. Tarakta zai sa ta kifar da ƙasa ya dasa albasar rani, ba shi da mako guda na wasa. Da sauran manoma suka ga babba ya rufe, su ma suka rufe nasu.

Matan suka taru, suka ce sai sun kai kuka gaban dagaci. Munawwara ce mai sakandare a cikinsu, ita ta rubuta. Ni kuma, don ƙaddara ta cika, ni ne malamin dagaci. Duk takardar da ta shigo fada, da bakina ake karanta ta.

"Masoyiyata," na ce, na sassauta murya, "Baba ya rantse. Ya ce ranar da na buɗe baki na karanta ƙararsa, a dawo masa da lefensa."

Idanunta suka ciko, amma ba ta bari hawayen ya zubo ba.

"Kana tsammanin ba na sonka ne?"

"Ban ce ba..."

"Wallahi ina sonka har ina jin tsoron kaina. Amma Iya Maijidda jikoki huɗu gare ta, roro ne cefanensu har bazara. In je in ce mata ta yi haƙuri, ina da biki?"

"A jinkirta har bayan auren mana!"

"Taraktar za ta jira bikinmu ne? Jibi za ta shiga gona."

Ni dai ban taɓa zama jarumi ba, ko zakara ya taso mini kaucewa nake yi. Na koma gida ina addu'ar Allah Ya saukar mini da zazzaɓi kafin safiya. Gari ya waye na tashi garau, ko atishawa babu.

Da hantsi fada ta cika. Baba na zaune a hannun dama na dagaci, ya sha babbar riga, ko kallona bai yi ba. Matan kuwa, kamar yadda aka saba, ba su shigo ba. Sun zauna a gindin darbejiyar ƙofar fada, sun kai talatin, kowacce da ƙwaryarta a gabanta babu komai ciki.

Iya Maijidda ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, mun kawo kukanmu. Ba faɗa muka zo ba."

Aka miƙo takardar hannu zuwa hannu har ta iso ni. Dagaci ya ce, "Bismillah, Malam Awaisu."

Na ɗaga kai. Baba ya zuba mini ido. Ta ƙofa kuma ina hango Munawwara, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Duk inda na juya akwai wanda zan ɓata wa. Na tuna amana ce aka ba ni, na ce a raina, Allah Ka ga zuciyata. Na fara.

Babu zagi ko ɗaya a ciki. Sun gaishe da dagaci, sun yi wa masu gonaki addu'ar albarka, suka roƙi a bar musu ko da kwana uku. Sai sunaye, kowane da dangwalensa, da kalma ɗaya ko biyu da mai sunan ta ce a rubuta. Na karanta na Iya Maijidda, na karanta na Inna Saude.

Da na zo kan na ƙarshe, sai harshena ya ƙi motsi.

"Ci gaba mana," in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe... wannan sunan ba zan iya faɗa ba."

"Ba ya karantuwa ne?"

"Yana karantuwa. Ban taɓa kiransa ba ne tunda aka haife ni. Innata ce."

Baba ya gyara zama da sauri.

"Wa? Uwar gidana?"

"Ita, Baba."

"Me ta ce?" Dagaci ne ya tambaya, a hankali.

Na karanta, hawaye na ɗiga a kan takardar: "Ta ce a rubuta, shekarar da fari ya cinye gonar Alhaji, ina goyon ɗan fari, da roro na riƙe gidansa har damina. Nakan fita in ya tafi kasuwa. Na ce masa daga gidanmu ake aiko da gyaɗar, don kada ya ji kunya. Matan nan su suka riƙa zuba mini nasu a ƙwaryata, kuma har yau ba wadda ta tona."

Ɗan farin nan ni ne.

Na dubi Baba. Mutumin da ko a jana'iza ban taɓa ganin ya yi kuka ba, sai ga shi yana share ido da hannun riga. Ya juya wajen ƙofa, inda matan suke.

"Maijidda... da ke a ciki?"

"Da ni, Alhaji. Abin ya wuce, Allah Ya rufa asiri."

"Shekara ashirin da bakwai," ya ce, "ina wuce ku a hanya ina ɗaga hannu daga cikin mota." Ya dubi dagaci. "Ranka ya daɗe, ba kwana uku ba. Makonsu na nan cif. Albasa ta jira."

Guɗa ta tashi a waje har sai da dogari ya tsawatar, shi ma yana dariya. Sauran manoma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka bi wajen rufewa.

Da za a watse, Baba ya tsaya a kaina.

"Wa ya rubuta takardar?"

"Munawwara ce, Baba."

"Na sani. So nake in ji ko za ka ɓoye." Ya gyara hularsa. "Ka gaya wa Saude rana na nan yadda aka sa."

Washegari da safe na bi ta gonar. Mata sun bazu ko'ina, ana tono ana hira. Na hango Munawwara ta duƙa kusa da wata mai zanen atamfa sabo, sai da na matso na ga Innata ce, tana nuna mata inda gyaɗa ke ɓuya a gindin kunyar noma.

"Kin san da wannan tun shekaranjiya ba ki gaya mini ba?" na ce wa Munawwara ƙasa-ƙasa.

"Ta ce in na gaya maka za ka ƙirƙiro zazzaɓi."

Innata ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kwashi gyaɗar da ta tono, ta zuba a ƙwaryar Munawwara, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai kuma," ta ce, "matsa daga nan, ka taka wa 'yata wuri."