Dakon Ƙanƙara a Gindin Masherbrum

Mu biyu labarin ya shafa: ni Shukur, da ƙanena Rozi, wanda ya ɓace a dutsen Masherbrum shekara ashirin da suka wuce, yana yi wa Turawa dako.

Daren da na goyo ƙanƙarar da za a dasa a kan dutse, bisa al'adarmu, ta girma domin garinmu ya sami ruwa, sharaɗin ɗaya ne: mai dako ba ya magana, in ya yi ƙanƙarar ta narke. Sai na ji a bayana, "Yaya, tsufa ya hana ka gaisuwa? Ƙafata ta karye, jira ni."

Na amsa. Nan take kwandona ya fara yoyo. Na waiwaya, ga Rozi yana dariya, numfashinsa ba ya tururi duk sanyin nan.

Shekara ashirin ina masa addu'a. In na yi kuskure a gyara mini, amma muryar tasa ce.