Yatsun Lalle a Jikin Kwalekwale

Ranar da masunta a tsibirin Sokotra suka fara janye kwalekwalensu tudu saboda iskar teku ta taso, wata tsohuwa mai suna Galiya ta faɗo ofishin Sufeto Tanuf ko takalmi babu.

"Ranka ya daɗe, kwana uku ke nan ban ga ɗiyata Sumhan ba!"

A ɗakin Sumhan ya tarar da kwanon lalle ya bushe, da takarda ƙarƙashin matashi. Ta rubuta cewa ita da Malam Awad, malamin makaranta, sun ɗaura aure a ɓoye wurin alƙali. Ɗan kawunta Nuban zai kai su wani bakin teku inda ba kowa, ya koma ya ɗauko su washegari.

Tanuf ya ninke takardar. Irin wuraren nan sun fi ashirin, ba hanyar mota, ba rijiya. In iskar ta kankama, ba mai iya zuwa can sai bayan wata huɗu.

Ya iske Nuban yana lulluɓe kwalekwalensa da tamfol.

"Ina ka kai su?"

"Ni? Haba Sufeto, mako guda ban taɓa ruwa ba. Fenti na yi."

Tanuf ya yaye tamfol ɗin. A kan farin fentin ga shatin yatsu biyar, jajaye.

"Kifin ka fara ƙunsa wa lalle?"

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Jarkar ruwa nawa ka bar musu?"

"Ɗaya." Ya durƙushe. "Sau biyu ina neman aurenta tana ce mini Yaya, sannan ni zan kai ta amarci? Wallahi kwana ɗaya na so su ɗanɗana ƙishi. Da iska ta taso sai tsoro ya kama ni."

"Ina ne?"

"Bayan Jan Dutse. Ba mai iya ratsa duwatsun nan yau sai ni."

Tanuf ya tambayi masuntan da suka taru ko akwai mai kai shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ya buga wa Nuban ankwa a hannu ɗaya, ya ɗaura ɗayar a nasa, ya ja shi cikin kwalekwalen.

"In mun nutse, tare."

Galiya ta kutso cikin ruwa har gwiwa, ta miƙo jarka da farin yadin likkafani mai isar mutum biyu.

Tanuf ya karɓi jarkar, ya mayar mata da yadin.

"Riƙe abinki, Inna. Nuban, tayar da inji."